Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Suwizalan Kan Jinin Falasɗinawa Da Amanar Geneva

Zuwa ga Majalisar Zartarwa ta Tarayyar Suwizalan,
da Ministan Harkokin Waje, Mista Ignazio Cassis,
ta hannun Mai Girma Jakadan Suwizalan a Abuja.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ku da jama'ar ƙasarku baki ɗaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ina zaune a Maiduguri. Na rubuto ne da yawun wasu abokan aikina, nas-nas da ungozomomi da direbobin motar asibiti da 'yan agajin gaggawa, Musulmi da Kirista, waɗanda muka yi aiki a Borno da Yobe a shekarun da wutar Boko Haram ta fi ruruwa. Ba mu da ofis, ba mu da rajista. Mutane ne kawai da suka taɓa shiga wurin da ake harbi ba su da komai a jiki sai riga mai tambarin agaji, suna fatan mai riƙe da bindiga ya san ma'anar tambarin.

Mun san ƙasarku da alheri, kuma ba za mu ɓoye ba. Da 'yan matan Chibok 21 suka dawo a watan Oktoba na 2016, da wasu 82 a watan Mayu na 2017, fadar shugaban ƙasarmu da bakinta ta gode wa gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross ta duniya saboda shiga tsakani da suka yi. Mun san da dala miliyan 321 na kuɗin Abacha da kuka amince ku dawo da su a ƙarshen 2017. Tambarin jan kuros ɗin da wasunmu suka yi aiki a ƙarƙashinsa, tutarku ce aka juya launinta don girmama ƙasarku. Saboda wannan sanayya ce muka ga ku ya dace mu rubuta wa. Da Amurka ce, ba za mu ɓata tawada ba, domin ita ta daɗe da nuna inda ta tsaya, kuma da makamanta ake aikin.

Kafin mu shiga magana, ga matsayinmu a fili. Kashe fararen hula da aka yi a kudancin Isra'ila ranar 7 ga Oktoba, 2023, inda kimanin mutum 1,200 suka mutu aka kuma yi garkuwa da 251, laifi ne. Mu da muka ga iyayen da aka sace wa 'ya'ya a makaranta ba za mu taɓa yi wa garkuwa da mutane kwaskwarima ba. Haka kuma rigimarmu ba da Yahudawa ba ce, da gwamnati da rundunar soja ce. Amma abin da ya biyo baya a Zirin Gaza ya wuce duk wani mizani. Ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga gawa fiye da 70,000 kafin ƙarshen 2025, ban da waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzan gini. An rusa masallatai, an kai wa cocin Saint Porphyrius hari a Oktoban 2023, an kai wa cocin Katolika ɗaya tilo da ke Gaza hari a Yulin 2025. Shugabar Red Cross ta duniya, Mirjana Spoljaric, wadda 'yar ƙasarku ce kuma tsohuwar jami'ar ma'aikatarku ce, ta ce Gaza ta fi jahannamar duniya muni. A birninku na Geneva ne kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Navi Pillay ya bayyana, ranar 16 ga Satumba, 2025, cewa abin da aka aikata kisan ƙare-dangi ne.

Kukanmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne taron da kuka soke.

Yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949, waɗanda ƙasashe 196 suka shiga, a hannunku aka ba da ajiyarsu. Ta huɗun ita ce ta kare fararen hula a lokacin yaƙi da mamaya. Sashe na 18 ya hana taɓa asibiti. Sashe na 33 ya hana hukunta jama'a gaba ɗaya kan laifin wasu. Sashe na 49 ya hana korar mutane daga ƙasarsu, ya kuma hana mai mamaya ya kwaso mutanensa ya zaunar da su a ƙasar da ya mamaye. Sashe na 55 ya ɗora wa mai mamaya nauyin ciyar da jama'a da samar musu magani. Ku ɗauki waɗannan huɗun ku auna da abin da ke faruwa a Gaza da Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, ku gaya mana wanne ne ya tsira. Sannan sashe na 1, wanda ke kan gaba a dukkan yarjejeniyoyin, bai tsaya ga cewa kowace ƙasa ta kiyaye dokar ba. Cewa ya yi ta kiyaye, ta kuma tabbatar an kiyaye, a kowane hali.

Ranar 18 ga Satumba, 2024, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri da ƙuri'a 124, bisa fatawar da Kotun Duniya ta bayar ranar 19 ga Yuli cewa mamayar da Isra'ila ke yi wa yankunan Falasɗinawa haramtacciya ce. A cikin ƙudurin aka nemi Suwizalan ta kira taron ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniya ta huɗu cikin wata shida. Kun yi rowar ƙuri'arku a ranar, amma kun karɓi aikin. Aka sa ranar 7 ga Maris, 2025. Ana gobe taro sai kuka sanar cewa an fasa, wai ba a samu daidaiton baki a kan daftarin sanarwar bayan taro ba.

Ranku ya daɗe, ku dubi kwanakin da suka kewaye wannan sanarwa. Ranar 2 ga Maris Isra'ila ta rufe duk ƙofofin shiga Gaza, ba gari, ba magani, ba man janareta, kuma haka aka zauna fiye da wata biyu. Kwana huɗu da rufewar kuka soke taron. Ranar 18 ga wata aka karya yarjejeniyar tsagaita wuta, jirage suka kashe fiye da mutum 400 a dare ɗaya. Ranar 23 aka kashe ma'aikatan agaji 15 a Rafah. In akwai watan da duniya ta buƙaci a taru a Geneva a karanta yarjejeniya ta huɗu da babbar murya, wannan watan ne, kuma a cikinsa ne mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Hujjar rashin daidaiton baki ba ta gamsar da mu ba, don kun taɓa yin irin wannan taro har sau uku, a 1999 da 2001 da 2014. A na 2014 Isra'ila da Amurka sun ƙi zuwa, kuka buɗe zaure duk da haka, ƙasashe 126 suka amince da sanarwa. A wannan karon Isra'ila ta ce ba za ta zo ba, Falasɗinawa da ƙasashen Musulmi kuma suka ce daftarin ya yi laushi har ba ya ɗaure kowa. Wato kun rage wa takardar gishiri don ku jawo wanda tun farko ba shi da niyyar zuwa, kuka rasa waɗanda suka nemi a yi taron. Ba a taɓa jiran wanda ake tuhuma ya yarda da tuhumar kafin a zauna shari'a ba.

Bari mu koma kan mutum 15 na Rafah, domin nan ne abin ya taɓa mu a jiki.

Takwas daga cikinsu ma'aikatan Red Crescent ta Falasɗinu ne, shida 'yan ceton gaggawa, ɗaya ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sun fita ɗauko waɗanda aka raunata a unguwar Tel al-Sultan. Aka buɗe musu wuta, aka binne su a rami ɗaya, aka murƙushe motocin aka binne tare da su. Sai bayan mako guda aka tono gawarwakin. Da farko rundunar Isra'ila ta ce motocin sun taho cikin duhu ba fitila. Sai ga bidiyo daga wayar ɗaya daga cikin mamatan, Rifaat Radwan, fitilun gaggawa na ta walƙiya, tambari ɓaro-ɓaro a jikin mota, ma'aikata sanye da kayan aiki. Ana jin muryarsa yana kalmar shahada, yana neman gafarar mahaifiyarsa, yana cewa hanyar taimakon mutane ce ya zaɓa. Daga baya rundunar ta kira abin kuskuren aiki, ta sauke wani mataimakin kwamanda, ta ja kunnen wani kwamanda. Shi ke nan.

Ba su ne na farko ba. A watan Janairun 2024 ma'aikata biyu na Red Crescent sun tafi ceto yarinya Hind Rajab da ta maƙale a mota cikin gawarwakin danginta, bayan an nemi izinin wucewarsu, aka tarwatsa motarsu dab da inda take. Dakta Adnan al-Bursh, babban likitan ƙashi, ya mutu a kurkukun Ofer a Afrilun 2024. Dakta Hussam Abu Safiya, shugaban asibitin Kamal Adwan, an tafi da shi a ƙarshen Disambar 2024 da farar rigarsa a jiki. Tun Oktoban 2023 aka hana Red Cross ziyartar fursunonin Falasɗinawa, abin da take yi shekara da shekaru.

Mu ma mun binne namu. Laifi tudu ne, don haka bari mu fara da na gida: ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, ya kashe mutane da yawa, ciki har da 'yan sa-kai 6 na Red Cross ta Najeriya, kuma mun yi magana a lokacin. A 2018 mayaƙan ISWAP suka sace ungozomomi biyu masu aiki da Red Cross ta duniya a garin na Rann, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, suka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya jiƙansu. Duniya ta kira waɗanda suka kashe su da sunan da ya dace da su, ba wanda ya ce sai an ji ta bakin kowane ɓangare. Abin da muke so ku gane shi ne tambarin nan ba ya tare harsashi. Abin da ke tsare mai sanye da shi shi ne tsoron da mai harbi yake ji cewa in ya taɓa shi duniya za ta taso masa. Duk ranar da wata runduna ta binne motar asibiti da mutanenta, aka wayi gari ba abin da ya same ta, to kwamandan da ke Darfur ya gani, na dajin Sambisa ya gani, na gabashin Kwango ya gani. Yaran da muka koyar, waɗanda yanzu suke hanyar Dikwa da Monguno, da rayukansu za su biya kuɗin wannan shirun.

Ku ne kuma kuka rubuta ƙuduri mai lamba 2730 lokacin da kuke Kwamitin Sulhu, aka zartar da shi ranar 24 ga Mayu, 2024, kan kare ma'aikatan agaji. Mun yaba a lokacin. Wata goma bayan haka aka yi Rafah. Me marubucin ƙudurin ya yi da ya wuce bayyana damuwa?

Sai maganar yunwa da UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu. Hukumar nan tun 1950 take ciyar da su, tana koyar da 'ya'yansu, tana duba marasa lafiyarsu, kuma biyu daga cikin shugabanninta na baya-bayan nan, Pierre Krähenbühl da Philippe Lazzarini, duk 'yan ƙasarku ne. A Janairun 2024 Isra'ila ta zargi ma'aikatanta 12, cikin kimanin 13,000 da ke Gaza, da hannu a harin 7 ga Oktoba. Hukumar ta kori waɗanda ake zargi, aka yi bincike, rahoton Catherine Colonna, tsohuwar ministar harkokin wajen Faransa, ya fito a Afrilu. Ƙasashe da yawa da suka dakatar da tallafi suka dawo da shi. Ku kuwa kuka raba naku biyu, daga faran miliyan 20 zuwa miliyan 10. A watan Satumba ƙaramar majalisarku ta kaɗa ƙuri'a 99 da 88 cewa a yanke tallafin baki ɗaya, sai da majalisar dattawa ta taka birki a Maris na 2025. Mai girma Minista, ba mu manta ba cewa tun 2018 kuka ce UNRWA ta zama wani ɓangare na matsalar. A ranar 22 ga Oktoba, 2025, Kotun Duniya ta ce Isra'ila ba ta kawo hujjar da ke nuna cewa wani kaso mai yawa na ma'aikatan hukumar 'yan Hamas ba ne, kuma wajibi ne ta bar ta ta yi aikinta. Fiye da ma'aikatanta 300 aka kashe a wannan yaƙi.

Wanda bai taɓa jinyar mai tamowa ba zai iya ɗaukar rage tallafi a matsayin lissafin kasafi. A tsakiyar 2016, da aka fara kwaso mutanen Bama zuwa Maiduguri, ina cikin waɗanda suka karɓi yaran. Za ka naɗa wa yaro ma'aunin damtse ya faɗa can cikin ja, fata ta saki, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Irin wannan yaro ba a ɗura masa abinci, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Madara ta musamman ake ba shi kaɗan-kaɗan, dare da rana, kuma ko ya rayu, akwai abin da yunwa ta ci a jikinsa da ƙwaƙwalwarsa da ba ya dawowa. Yunwar Bama ta faru ne a garin da hanya ta yanke. Ta Gaza, wadda ƙwararrun auna yunwa na duniya suka tabbatar ranar 22 ga Agusta, 2025, ta faru ne alhali manyan motoci maƙare da abinci suna jere a bakin iyaka.

Da aka ture UNRWA gefe, sai aka kawo wata gidauniya mai suna GHF, aka tattara rabon abincin mutum miliyan biyu a wurare huɗu da sojoji suka kewaye. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kafin ƙarshen Yulin 2025 an kashe fiye da mutum 1,000 wajen neman abinci, akasarinsu a kusa da waɗannan wurare. A lokacin, gidauniyar tana da reshe mai rajista a Geneva. Sai da wata ƙungiyar lauyoyi, TRIAL International, ta ɗaga murya, kuma da hukumarku ta rushe reshen a watan Yuli, dalilin da ta bayar na cika ƙa'idar takardu ne.

Akwai kuma cinikin jirage marasa matuƙa. A 2015 majalisarku ta amince da faran miliyan 250 don sayen jirage 6 samfurin Hermes 900 daga kamfanin Elbit na Isra'ila, jirgin da aka fara gwada shi a yaƙi a sararin Gaza a 2014. An yi alkawarin kammalawa a 2019, aka yi ta jinkiri, kuɗin ya haura zuwa kusan miliyan 300, har 'yan majalisarku suna ƙorafi. A 2025 kun samu damar janyewa, kuka zaɓi ci gaba. Ku kanku kun san ba za ku yi irin wannan ciniki da kamfanin makaman Rasha a yau ba.

Mun san amsar da za ku bayar: Suwizalan ba ta ɗaukar ɓangare, haka take tun 1815, kuma wannan ne ya sa kowa ke yarda ya zauna a teburinta. Mun yarda da amfanin hakan, 'yan matan Chibok shaida ne. Amma dokar rashin ɗaukar ɓangare, kamar yadda aka tsara ta a Hague a 1907, abin da ta hana ku shi ne shiga yaƙi da ba wa wani ɓangare sojoji ko makamai ko filin ƙasarku. Ba ta ɗaure muku baki ba. Ku da kanku kuka nuna mana haka. Kwana huɗu da shigar Rasha Yukren, ranar 28 ga Fabrairu, 2022, kuka rungumi takunkumin Tarayyar Turai, kuka daskarar da dukiyoyi, kuma ku, mai girma Minista, lokacin kuna shugaban ƙasa, kuka ce taimaka wa mai kai hari ya ci nasara ba rashin ɗaukar ɓangare ba ne. Kuka buɗe wa dubun-dubatar 'yan Yukren ƙofa da izinin zama na musamman. A Yunin 2024 kuka tara wakilan ƙasashe kusan 90 a Bürgenstock kan zaman lafiyar Yukren ba tare da Rasha ba, ba ku ce sai an samu daidaiton baki ba. Ba mu yi wa 'yan Yukren hassada ba, sun cancanta. Tambayarmu ita ce me ya sa mudun ya canja da aka zo kan Falasɗinawa.

Haka a ɓangaren Hamas, kun yi doka sukutum kun haramta ta, ta fara aiki ranar 15 ga Mayu, 2025. Wannan ɗaukar matsayi ne, kuma ba ku ji tsoron zai ɓata muku suna ba. To ina makamancinsa a kan 'yan kama-wuri-zauna da ke ƙona gonakin zaitun da gidaje a Gaɓar Yamma, da ministocin da ke zuga su a bainar jama'a?

Ranar 18 ga Afrilu, 2024, Aljeriya ta kawo buƙatar a karɓi Falasɗinu cikakkiyar mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe 12 suka amince, har da Saliyo da Mozambik da Faransa da Japan. Amurka ta hau kujerar na-ƙi. Biyu suka yi rowar ƙuri'a: Birtaniya da ku. Birtaniyar ma ta amince da ƙasar Falasɗinu a Satumbar 2025, tare da Kanada da Ostareliya da Faransa, adadin ƙasashen da suka amince ya kai 157. Najeriya ta yi tun 1988. Ayalan, wadda ita ma ba ta cikin ƙawancen soja na NATO, ta amince ranar 28 ga Mayu, 2024, ta shiga ƙarar Isra'ila da Afirka ta Kudu ta kai Kotun Duniya, Isra'ila ta rufe ofishin jakadancinta a Dublin, kuma Ayalan ba ta daina zama ƙasar da ba ta ɗaukar ɓangare ba. Malta ma, wadda ba ta ɗaukar ɓangare, ta amince. Ku kuna cewa kuna goyon bayan ƙasashe biyu, amma ɗaya kaɗai kuka yarda da wanzuwarta, ɗayar kuma kun ce sai lokaci ya yi, alhali kullum ana gutsure filin da za a kafa ta a kai.

Wani abu kuma da mu 'yan Afirka muke lura da shi. Kotunku ta tarayya da ke Bellinzona ta ɗaure Alieu Kosiah na Laberiya shekara 20 a 2021 kan laifukan yaƙi. Ta ɗaure Ousman Sonko, tsohon ministan cikin gida na Gambiya, shekara 20 a Mayun 2024. Madalla, mutanen da suka zalunta sun ga adalci. Sai dai muna jiran ranar da wannan doka mai dogon hannu za ta kai ga wanda ba baƙar fata ba, wanda ƙasarsa ke da manyan abokai.

Ba don gori ba, tarihinku ya taɓa kawo ku irin wannan mararraba. Hatimin harafin J da aka riƙa bugawa a fasfon Yahudawa daga 1938, da 'yan gudun hijirar da aka mayar daga iyakarku zuwa hannun 'yan Nazi, sai a 1995 shugabanku Kaspar Villiger ya nemi gafara a kansu. Paul Grüninger, shugaban 'yan sandan St. Gallen da ya karya umarni ya shigo da ɗaruruwan Yahudawa, an kore shi, an hukunta shi, ya mutu a talauce a 1972, sai a shekarar 1995 ɗin aka wanke shi. Lokacin mulkin wariyar launin fata ma, da Najeriya ke jagorantar kwamitin yaƙi da shi a Majalisar Ɗinkin Duniya, kun ƙi shiga takunkumi, zinaren Afirka ta Kudu ya ci gaba da bi ta Zurich. A wannan karon ba ku da uzurin rashin sani. Tsofaffin jakadunku fiye da 50 sun rubuta muku a fili a 2025, ma'aikatan ma'aikatarku sun rubuta, dubban 'yan ƙasarku sun yi zanga-zanga a Bern da Geneva.

Mun san an tsagaita wuta tun 10 ga Oktoba, 2025, kuma za a ce mana a bar baya ta wuce. Ba ta wuce ba. An ci gaba da kashe mutane bayan tsagaitawar, sojojin Isra'ila sun ci gaba da riƙe fiye da rabin Zirin, an kwashe mutanen sansanonin Jenin da Tulkarem da Nur Shams, an amince da ginin matsugunan E1 da za su raba Gaɓar Yamma gida biyu. Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku sake kiran taron ƙasashen yarjejeniya ta huɗu, ku sa rana, ku buɗe zaure ko wa ya ƙi zuwa, kamar yadda kuka yi a 2014. Daftarin ya ambaci mamaya da matsugunai da hana abinci da sunayensu, ya kuma faɗi matakin da kowace ƙasa za ta ɗauka a ƙarƙashin sashe na 1.

Ku mayar wa UNRWA cikakken tallafinta, kuma ku bar ta ta kashe shi a inda buƙata ta fi tsanani, Gaza da Gaɓar Yamma. Ku dakatar da duk wani ciniki da haɗin gwiwar soja da Isra'ila, har da na Elbit, ku hana kayan da aka noma ko aka ƙera a haramtattun matsugunai shiga kasuwarku, ku sa wa masu tayar da hankali a can takunkumi irin wanda kuka iya sa wa attajiran Rasha. Ku amince da ƙasar Falasɗinu yanzu, kada ku jira sai 'yan ƙasarku sun tara sa hannu 100,000 sun tilasta muku.

Ku faɗa a fili, ba tare da kwana-kwana ba, cewa sammacin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta bayar ranar 21 ga Nuwamba, 2024 kan Benjamin Netanyahu da Yoav Gallant zai yi aiki a ƙasarku, ko taron tattalin arziki na Davos mutum ya zo ko Geneva. Ku nemi bincike mai zaman kansa kan kisan Rafah, ku matsa a saki likitoci da ma'aikatan lafiyar da ake tsare da su ba tare da tuhuma ba, a kuma bar Red Cross ta koma ziyartar gidajen yari.

Na ƙarshe ya shafi sana'armu kai tsaye. Yara 20 kuka ɗauko daga Gaza don jinya a ƙarshen 2025, kuma ko a hakan wasu jihohinku sun ƙi karɓa. Allah Ya ba yaran lafiya, Ya saka wa likitoci da nas-nas ɗin da suka karɓe su. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da marasa lafiya 15,000 ne ke jiran a fitar da su, masu cutar daji, masu wankin ƙoda, yaran da aka yanke wa hannu ko ƙafa. Maƙwabciyarku Italiya ta ɗauki fiye da yara 100, ciki har da Adam, ɗa guda da ya rage wa Dakta Alaa al-Najjar bayan bam ya kashe mata 'ya'ya tara a Khan Yunis. Asibitocinku na Geneva da Lausanne da Basel da Zurich suna cikin mafi inganci a duniya. Ku ƙara adadin zuwa ɗaruruwa, kowane yaro da mai jinyarsa, kuma ku sanar da ranar da jirgi na gaba zai tashi.

Muna roƙon Mai Girma Jakada ya isar da wannan takarda Bern, kuma muna sauraron amsa a rubuce.

Ku huta lafiya.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Maiduguri,
a madadin abokan aikinta na Borno da Yobe.